Gamsheƙa a Cikin Rumbun Iri

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa. Yau sai in tashi ina neman carbina, in tayar da hankalin jikoki, alhali yana rataye a wuyana. Amma akwai wani yini guda da har in koma ga Mahaliccina ba zai fita daga raina ba, kuma ko na so in manta, idona na hagu ba zai bari ba. Duk shekara da hadarin farko ya haɗo daga gabas, kafin sama ta zubo nata, shi yake fara zubo nasa.

Abin ya faru ne a daminar da ta biyo bayan babbar yunwar nan, jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Kano ba. Ƙauyenmu yana arewa da Sule Tankarkar, kan hanyar da fatake ke bi zuwa Maigatari. Ni a lokacin magidanci ne da mata da 'ya'ya, sana'ata sassaƙa: turmi, taɓarya, akushi, ƙotar fartanya. Sai dai a shekarar nan ba wanda ya tambaye ni turmi, don babu abin dakawa. Mun ci tafasa, mun ci ƙwallon goruba, mun tone gidan tururuwa muna ƙwace ɗan hatsin da suka tara. Yawancin gidaje har irin shukarsu sun dake sun sha kunu, kuma ba na ganin laifin kowa, don wanda bai ji kukan yaro da yunwa ba bai san abin da zai iya aikatawa ba.

Mahaifina, wanda duk garin ke kira Baba, ɗan gajeren tsoho ne mai taurin kai irin wanda ba a yi masa magana biyu. Tun da kaka, da ya ga abin da gona ta bayar, sai ya zaɓi zangarniyar geron da ta fi kyau, ya sa muka ɗauka a kai zuwa kufan kakanninmu, can cikin daji, inda aka tashi tun da rijiya ta ƙafe. Akwai tsohon rumbun ƙasa a wurin da bai faɗi ba. Muka zuba, ya liƙe bakin da laka, ya ɗora jinka, sannan ya juyo ya ce duk wanda ya buɗe kafin ruwa ya sauka bai yafe masa ba, duniya da lahira. Ya ce ya kai shi nesa ne don kada ido ya gani ciki ya yi sha'awa. Akwai ranakun da na ji haushin tsohon nan har cikin ƙashina, ba zan ɓoye ba.

Ran nan da la'asar ruwa ya sauka, ruwa na gaske, irin wanda ake shuka da shi. Gari na wayewa muka kama hanyar kufai, Baba a gaba da sandarsa, ni da matata a baya, maƙwabta kuma na biye da 'yan ƙoƙunansu, domin Baba ya yi alkawarin duk gidan da ya cinye nasa iri zai sami abin jefawa a ƙasa. Wanda ya san ƙasarmu ya san rairayi ce, ba ta riƙe danshi. In ba ka shuka a kan ruwan nan ba, sai ka zauna jiran wani, kuma babu mai tabbacin yaushe zai zo. Gaba ɗaya damina da rayuwar ƙauyen nan suna cikin rumbun ƙasa guda.

A bakin kufan muka tarar da abokina. Bafillace ne dogo siriri, rugarsu na kusa da wani tapki da ke bayan kufan, yana kiwo yana kuma ɗan taɓa noma. Fari ya kashe masa shanu sai 'yan ƙalilan, cikinsu saniya guda ce mai nono. Mu kuwa asalinmu Mangawa ne, dangin Barebari, kun kuwa san wasan da ke tsakaninmu da Fulani. Tun muna samari ban taɓa jin gaisuwar arziki daga bakinsa ba, shi ma bai taɓa ji daga nawa ba.

"Bawana, sai yanzu?" ya ce da ni. "Tun asuba ubangijinka ke tsaye yana jiran a auna masa."

"Fillo, ashe yunwa ta bar ka?" na ce. "Ko da yake me za ta ci a jikinka?"

Na jingina tsani, na hau, na ɗage jinka, na sa gizagona na fasa lakar da ke bakin. Ƙanshin gero ya bugo ni, wallahi har ƙwalla ta taru mini. Na sunkuya zan zura kai ke nan sai na ji wani huci daga ciki, fuuu, kamar maƙeri ya taka zugazugi. Na ja baya, na kare ido da hannu na leƙa ta tsakanin yatsu. Ga shi nan a kan zangarniya, baƙi wuluk, ya naɗe, ya ɗaga kai ya fasa wuya. Gamsheƙa ne, irin mai tofin nan da ke nufin ido. Har yau ban san yadda na sauko ba, na dai san ban taka tsanin ba.

"Me ka gani?" in ji Baba.

"Baba, rumbun nan da mai shi a ciki."

Nan fa wuri ya kaure. Wani ya ce a yi masa hayaƙin barkono, wani ya ce a kawo mashi a soke shi daga sama, wani ya ce a aika Gumel a kira gardin da ke wasa da macizai ran kasuwa. Aka tuna masa cewa gardin ma yunwa ta kora shi kudu tun bara. Baba kuwa ya matso kusa. Ya zagaya rumbun a hankali, ya tsuguna, ya nuna mana wani ɗan rami a gindi wanda ruwan jiya ya toshe da laka, ga kashin ɓera a gefe.

"Ɓera ne ya huda," ya ce, "shi kuma ya bi ɓera. Da bai shiga ba, da ƙaiƙayi za mu tarar." Ya miƙe ya dubi mai maganar mashi. "A gidanmu ba a zubar da jini a kan iri, haka na taras. Wuta kuwa, duk wanda ya kawo ta kusa da busasshiyar zangarniyar nan, shi da Allah. Kuma wanda ya yi maka gadi tun daga kaka har damina, ba da mashi ake sallamarsa ba. Da ransa zai fita."

Muka buɗe ramin, muka bubbuga jikin rumbun ko zai bi hanyarsa ya tafi. Ina! Sai ƙara huci yake yi. Ya sami inuwa da ƙoshi, me zai fita nema? Rana kuwa tana ta hawa tana shan danshin da muke taƙama da shi. Sai Baba ya juyo ya dube ni, ya ce, "Kai ne mai gizago." Shi ke nan maganar da ya yi.

Ni dai abin da na sani game da kama maciji shi ne gwafa, sanda mai baki biyu da ake danne masa wuya a ƙasa. Na shiga daji na saro reshen marke na fere, na dawo ina ji da kaina. Abokina ya karɓa ya jujjuya, ya yi tsaki.

"Kai Babarbare, kanka turmi ne? A kan me za ka danne shi? Zangarniya ai ba ƙasa ba ce, nutsewa za ta yi, ya zare ya biyo sandar ya gaishe ka."

Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya ce su in maraƙi ya ƙi kamuwa zarge suke jefa masa a wuya. Na ce to wa zai jefa zarge cikin rumbu? Muna cikin musu dabarar ta faɗo mana tare, har yau ban yarda tasa ce ba, shi ma har ya mutu bai yarda tawa ce ba. Na sake saro wani marken, dogo miƙaƙƙe wanda ya fi tsayina. Muka hura 'yar wuta can nesa da rumbun, na gasa ƙarfe na huda bakin sandar. Shi kuma ya kwance tsirkiyar bakansa, ta fatar shanu, muka zura ta cikin hudar ta yi zobe a ƙasa, sauran ta biyo jikin sandar zuwa hannu. Na ɗaɗɗaure ta da 'yan zobban ɓawon kalgo don kada ta yi lilo, na ƙulla guntun ice a ƙarshenta na riƙewa. In ka ja guntun icen, zargen ya tsuke. In ka saki, ya buɗe.

Saura inda za a sa baƙon in an fito da shi. Wani ya ba da burgaminsa na fatar akuya. Na lanƙwasa tsumagiyar sabara na yi mata kamar baki, na sa a bakin burgamin don ya tsaya a buɗe, na ɗaura shi a kan gwafar nan da aka raina, ga igiyar tsukewa doguwa ana ja daga nesa.

Duk wannan abin matata na gefe. Ashe ta ɗauki ƙwaryar da ta zo da ita don awon iri, ta karɓi ƙarfen da na gasa, ta yi mata 'yan ƙananan huji daidai wurin ido, ta sa mata igiya ta ɗaurewa a ƙeya. Ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba, saboda Baba na wurin.

"Malam, ka kifa wannan a fuska," ta ce a hankali. "Ni ba zan yi wa makaho jagora da ƙuruciyata ba."

Na kifa, mutanen da suka yi wata da watanni ba su yi dariya ba suka fashe har da masu riƙe ciki. Abokina ya ce tun da ya san ni bai taɓa ganin na yi kyau irin na yau ba.

Muka gwada kayan. Ya ɗauko igiyar da yake ɗaure maruƙa, yana ja cikin rairayi yana huci da baki, ni kuma ina bin ta da zarge. Na kama ta, na ɗaga, na jefa a burgami, aka yi ta shewa. Matsala guda ce: tsirkiyar ta bushe ƙamas, tana cijewa a cikin hudar, sai na fizga da ƙarfi kafin ta tsuke.

"Tsirkiyarka kamar mai ita," na ce masa, "ta bushe, ga gardama."

Azahar ta yi. Muka ce a yi sallah bi da bi don kada a bar bakin rumbu babu ido. Shi ya fara yi, ya dawo ya zauna gindin aduwa, na ajiye masa sandar a cinya na tafi tapki alwala.

To a nan ne ya kamata in yi muku bayani, ku 'yan yanzu. Bafillace ba ya iya ganin busasshen abu ya ƙyale. Sandarsa man shanu, igiyarsa man shanu, takalminsa, gashinsa, kaushin ƙafarsa, duk man shanu. Hannunsa ne ke yi, ba sai ya yi shawara da kansa ba. Abokina ya ji na ce tsirkiya na cijewa. Yana da ɗan tandun man shanu a rataye, babu komai a ciki sai abin da ya maƙale a gindi, wanda a shekarar nan ya fi azurfa daraja. Ya sa yatsa ya kankaro shi tas, ya mulke zargen da hudar, ya murza har fatar ta yi laushi. Bai taɓa wajen hannu ba. Bai kuma gaya mini ba, don a wurinsa ba abin faɗa ba ne, kamar ka ce da mutum ka kore masa ƙuda. Na dawo na ji ƙanshin man shanu kuwa, amma ina kusa da shi, yaushe ne ban ji ba?

Na yi bisimilla na hau. Ta cikin hujin ƙwarya duniya ta zama 'yan ɗige-ɗige, ga kaina ya tare hasken bakin rumbun. Na zura sandar a hankali. Gamsheƙan ya taso mata, ya fasa wuya, wanda kuwa shi nake so. Na saukar masa da zoben ta ka, na ja guntun icen. Sai na ji zargen ya tsuke sumul, babu cijewa ko kaɗan. Na ce a raina, kai, wannan hannu nawa Allah ya yi masa baiwa.

"Na kama shi!" na yi ihu daga cikin ƙwarya.

Na fara ɗagowa. Yana da nauyi fiye da yadda na zata, yana dukan sandar da jela. Ya kusa baki sai na ji nauyin yana sauya wuri, kamar abu na zamewa. Ban ga komai ba ta hujin nan, zuciyata kuwa ta ce duba. Na sa kafaɗa na ture ƙwaryar sama. Ashe ya sulale ta cikin zargen kamar loma a miyar kuɓewa, igiyar ta koma tsakiyar jikinsa, kansa a sake, muna kallon juna. Ban ko ƙifta ba ya tofo. Ya ƙarasa zamewa ya koma ciki, ni kuma na yi ƙasa, ƙwarya ta yi nata wuri.

Na sha ciwo a rayuwata, gizago ya sha cin yatsuna, amma ban taɓa jin irin wannan ba. Kamar an daka barkono da garwashi an ɗura mini a idon hagu. Ina birgima ina salati, na ji muryar abokina yana cewa, "Kada ya murza! Ku riƙe hannunsa!" Sai na ji ƙafarsa ta yi daji da gudu. Na ce shi ke nan, Fillo ya ga abin da ya fi ƙarfinsa ya tsere.

Ba a jima ba sai ga shi da saniyarsa, yana janye da ita, ɗan maraƙinta na biye yana kuka. Babu lokacin neman ƙwarya. Ya saki maraƙin ya ɗan tsotsa don nono ya sauko, ya ture shi, ya kama ƙafafuna ya ja ni har ƙarƙashin saniyar. Baba ya riƙe ƙaho, matata ta manta da kunyar suruki ta durƙusa ta buɗe mini fatar ido da yatsunta, shi kuma ya tsuguna ya dinga tatsowa kai tsaye cikin idona. Madara mai ɗumi tana shiga ido, tana bin kunne, tana shiga hanci. Maraƙin yana ta tunkuɗa kaina da nasa, yana ganin an zo an ƙwace masa abinci. Mutane suna "sannu, sannu," amma ina jin yadda wasu ke danne dariya har suna tari. 'Yan asibiti na yanzu sun ce ruwa mai yawa ma ya isa, in dai an yi ta wankewa. Mu dai a ranar abin da muke da shi mai tsabta ke nan.

Da raɗaɗin ya ɗan lafa, Baba ya saki ƙaho ya ɗauki sandar. Ya bi zargen da yatsa, ya kai hanci.

"Wa ya yi wa igiyar nan miya?"

Hannun da ke tatsa ya tsaya.

"Baba, ni ne," in ji abokina. "Na ji ya ce tana cijewa."

Daga ƙarƙashin saniya na ce, "Fillo, Allah ya isa! Maciji za mu kama ko suya za mu yi?" Na jira ya rama, don bai taɓa barin tawa ta kwana ba. Na buɗe ido mai lafiya na dube shi, sai na ga ya sunkuyar da kai. Ya ci gaba da tatsa har saniyar ta ƙafe, kuma na san madarar nan ita ce abincin 'ya'yansa na ranar. Tausayinsa ya kama ni fiye da tausayin kaina.

La'asar ta gabato. Wani daga cikin maƙwabta ya tona ƙasa da yatsa, ya nuna yadda saman ya fara bushewa. Yunwa ba ta da haƙuri, sai ga wasu sun fara tattaro busasshen kashin shanu da ciyawa, suna cewa hayaƙi kaɗan za a yi, ba abin da zai kama. Baba bai yi musu da kowa ba. Ya je ya zauna ya jingina bayansa da rumbun, ya miƙe ƙafa.

"Ku kunna," ya ce. "Sai dai ku haɗa da ni."

Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba, har ya fi na macijin. Tartsatsi guda ya isa ya cinye daminar gari.

Matata ce ta tashi. Kaba ce ko'ina a kufan nan. Ta yanko, ta tsaga, ta zauna tana murzawa a ƙwaurinta, kafin a jima ta tufka igiya siririya mai kaushi, ta tumurmusa ta cikin tokar wutar da muka yi. Ta ce wannan ko ƙadangare ta riƙe sai ya bar fatarsa. Na ɗaure idona da tsumma, na zare tsirkiyar, na goge bakin sandar da rairayi da toka, na ƙara faɗin hudar don kada sabuwar ta cije. Sannan na tuna abin da ya sa na ture ƙwarya: duhu. Na sa aka matsar da tsani yamma da rumbun, na sassaƙe 'yar taga can sama wadda ba ta fi tafin hannu ba, hasken la'asar ya faɗa ciki. Muka sake gwadawa da igiyar maruƙa, muka kuma sakewa, kowa na gani.

Na miƙa hannu zan ɗauki ƙwarya sai na ji an riga ni.

"Da ido ɗaya za ka hau?" in ji abokina. "Ni na ɓata."

"Kai da ba ka taɓa hawa abin da ya fi tudun tururuwa ba?"

Ya cire malfarsa ya kifa ƙwaryar mata a fuska, a gaban jama'a, abin da na san a wurin Bafillace ya fi saran maciji ciwo. Ba wanda ya yi dariya. Ya hau tsani, ya zura sanda. Muka ji huci, muka ji jela na dukan bangon rumbu, sannan muka ga kafaɗunsa sun ɗaure.

"Kada ka ɗaga ƙwaryar!" na ce. "Ko me ka ji, kada ka ɗaga!"

Ya fito da shi a hankali, ya miƙar da sandar nesa da jikinsa. Igiyar kaba ta kama shi daidai bayan kai, ko motsi ba ta yi. Baƙin abu ya fito yana walƙiya cikin rana, yana naɗe sandar yana warwarewa, yana tofi a iska. Jama'a suka watse, har da masu maganar hayaƙi, su ne ma a gaba. Ni na tsaya da gwafata da burgami, na kau da fuska gefe, na tara. Jela ta fara shiga, sai jiki, sai na ce, "Saki!" Ya saki, matata ta fizgi igiyar tsukewa daga inda take. Burgami ya yi ta motsi a ƙasa, mu kuma muka zube muna haki.

Muka ratayo shi a tsakiyar dogon ice, ni da abokina, muka kai shi can bayan tapki inda akwai wani tsohon suri. Muka kwance daga nesa. Ya fito, ya ɗan tsaya kamar mai tunanin ko ya dawo, sannan ya shige rami. Baba, wanda ya biyo mu da sandarsa, ya ce, "To, mun gode. Allah ya raba mu da sake haɗuwa."

Da muka koma na shiga rumbun da kaina. A saman akwai saɓar maciji da 'yan ƙasusuwan ɓeraye, can gindi wajen ramin an ɗan ci kaɗan. Sauran kuwa lafiya lau, kamar jiya aka zuba. Na miƙo wa Baba zangarniya guda. Ya murza a tafinsa, ya hure, ya jefa ƙwaya a baki ya ciza, ta ce ƙas. Tsohon da ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ran da muka binne 'yan'uwa a shekarar nan, sai ga shi yana share ido da hannun riga. Ya ce a fara auna wa Bafillace.

Washegari tun da sassafe gari ya fita da sungumi, danshi na nan da ɗan saura. Ni ma na fita da tsummana a ido, ina sara, matata na jefawa tana takewa. Da geron ya tsiro sai ga layukan gonata sun karkace duk sun nufi dama, kamar sawun wanda ya sha ya yi tatul. Abokina har mutane yake tarowa daga hanyar Gagarawa ya nuna musu. Idon ya yi kwanaki a kumbure, daga baya ya buɗe, ina gani da shi har yau, sai dai ruwan da yake yi. Gero kuwa ya yi kyau a shekarar nan, gari ya tashi.

Daga nan aka san ni da sandar zarge. Na sassaƙa wa mutane da yawa, har daga hayin iyaka ake zuwa nema, kuma kowa na ba shi sai na ce igiyar kaba, banda fata, banda mai. Abokina kuwa bai bar ni na huta ba. Kowace kaka sai ya zo ya tsaya a bakin gonata ya ce a ba shi daminsa na ladan nono, wai tunda na sha saniyarsa ta ido, ni da maraƙin nan uwarmu ɗaya, saboda haka ina cikin garkensa. Ni kuma in ce, "Sannu da zuwa, mai ƙwarya." In ɗauko damin da ya fi girma in ɗora masa. Haka muka yi har gemunmu ya yi fari, har shekarar da na ware damin bai zo ba, na ɗauka da kaina na kai wa 'ya'yansa.

Abin da ranar nan ta koya mini ba shi da yawa, amma ya ishe ni. Kayan da za ka tunkari abu mai dafi da shi, in ya bar hannunka ko na tsawon alwala ne, sake gwada shi kafin ka hau, ko da a cinyar wanda ya fi kowa ƙaunarka ka ajiye. In kuma kai ne ka gyara wa ɗan'uwanka abu, buɗe baki ka gaya masa. Maƙiyi bai taɓa kusantar idona ba, mai ƙaunata ne ya kusa tsiyaye shi da ɗan man da ya rage masa a duniya, shi ne kuma ya hana 'ya'yansa nono don ya cece shi. Tuwon da jikokina suka ci yau, jikan geron rumbun nan ne. In suka ga idona na ruwa suka ce, "Kaka, kuka kake yi?" sai in ce a'a, aikin maciji ne. Na hagun dai gaskiya na faɗa. Na daman ne ba ni da abin da zan ce.